Mako guda cikin marka a Nguru da Gashuwa: abin da muka gani da abin da ya biyo mu gida

Mai karatu, idan hutun makaranta ya zo a watan Agusta, yara suka matsa sai an kai su wani wuri, kada ruwan sama ya hana ka fita. Ni da maigida da yaranmu biyu mun yi mako guda a Nguru da Gashuwa ana tsakiyar marka, kuma ban yi da-na-sanin tafiyar ba. Sai dai akwai sakacin da na yi, ni da nake aikin harhaɗa magunguna, wanda ba na so ka maimaita.

Daga Kano muka bi ta Haɗeja muka isa Nguru da la'asar, ana yayyafi. Washegari muka fara da tashar jirgin ƙasa, inda layin dogon da ya taso daga Kano ya tsaya tun 1930. Daga nan muka shiga kasuwa, gefen masu bandar kifi, muka sayi tarwaɗa. Garin yana bakin dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ruwan kogunan Haɗeja da Jama'are ke malalewa a cikinsa. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Rana ta uku muka nufi Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa da ke ƙasar Bade, inda Yarima Philip na Ingila ya taɓa kai ziyara a 1989. Tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai sai lokacin sanyi suke zuwa, saboda haka ba mu same su ba. Na gida muka gani: dinya, kirinjijiya, zalɓe, balbela, da shamuwa wadda ita ma baƙuwar damina ce. Mai kwalekwalen da ya ɗauke mu ya nuna mana yadda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, tana hana masunta da manoma sakat.

A nan ɗana mai shekara 8 ya ga yaran ƙauye suna ninƙaya, ya fara cire takalmi. Na hana shi, ya yi fushi har dare. Dalilina tsargiya ce. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu sosai, kuma ta fata take shiga cikin 'yan mintoci, ko da yaro bai sha ruwan ba. Fitsarin jini ba ya bayyana sai bayan wata biyu ko uku, lokacin an manta da tafiyar. Idan ɗanka ya taɓa shiga irin wannan ruwa, ka faɗa wa likita, a gwada fitsari. Maganinta, praziquantel, gwargwadon nauyin jiki ake ba da shi, ba a saye a sha da ka.

Sauran kwanakin a Gashuwa muka yi su. Mun tsaya a kan gada mun ga kogin Yobe ya cika ya batse, gonakin shinkafa sun yi kore shar. Mun wuce ta ƙofar fadar Mai Bade, mun kuma leƙa Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013. Garin ya sha fama da ambaliya, ta 2022 ta raba dubban mutane da gidajensu, kuma duk inda ruwa ya haura masai ya shiga rijiya, amai da gudawa na kusa. Ruwan roba ko tafasasshe kawai muka sha. A jakata akwai ORS da ƙwayar zinc. Fakitin ORS na lita ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ake dama shi, a zubar da abin da ya rage bayan awa 24. Yaron da ya haura wata 6 ana ba shi zinc miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya.

An daɗe ana maganar yawan ciwon ƙoda a Gashuwa da kewaye, masana kuma suna ta bincike a kai. Abin da zan ce daga ɓangaren aikina shi ne: matafiyin da ya gaji, ya yi gumi ko gudawa, sannan ya shiga kyamis ya sayi diclofenac ko ibuprofen ya yi ta sha, ƙodarsa yake wahalarwa, a ko wane gari yake. Ka sha ruwa, ka huta, in ciwon kai ne farasitamol ya isa, shi ma bisa ƙa'ida.

To, ga sakacina. Daren ƙarshe mun dawo masauki a jiƙe, wuta ta ɗauke, igiyar gidan sauron ta tsinke. Na ce dare ɗaya ne, a kwanta haka. Kwana 11 da dawowarmu Kano, 'yata mai shekara 6 ta tashi da zazzaɓi mai zafi da amai. Gwajin jini ya nuna maleriya. Ba zan rantse a daren aka cije ta ba, amma lissafin ya yi daidai, domin cutar takan ɗauki kwana 7 zuwa 14 ko fiye kafin ta nuna kanta. An ba ta artemether-lumefantrine, sau 6 cikin kwana 3, ana haɗa mata da madara don maganin ya fi shiga jiki. Ta warke, alhamdu lillahi, amma dare biyu ban runtsa ba.

Saboda haka, kafin ka tashi, ka sa gidan sauro mai magani da igiya ta biyu a kaya, da man shafawa na korar sauro, da riguna masu dogon hannu na yamma. Idan kana da ɗan wata 3 zuwa 59, ka duba katinsa na maganin rigakafin maleriya da ake bi gida-gida ana rabawa duk wata da damina, kada tafiya ta sa ya rasa zagaye. Mai juna biyu ta fara ganin likitarta. Bayan an dawo, duk zazzaɓin da ya taso a je a yi gwaji a ranar, a kuma faɗi inda aka je. Idan yaro ya fara jijjiga, ko ya kasa sha, ko yana amayar da komai, asibiti kai tsaye.

Yara sun riga sun sa ni alkawarin komawa Dagona a watan Janairu don ganin tsuntsayen Turai, in Allah Ya kai mu. Gidan sauron ne abin da zan fara sa wa a jaka.