Ɗakin Tsoho Cikin Hunturu

A ƙasar 'Yandoto, tun daga Tsafe har Gusau da Bunguɗu, tsoho a gidan 'ya'yansa yake ƙare kwanakinsa, ɗakinsa kuwa amana ce a wuyansu. Idan hunturu ya kama, akan shigar masa da kaskon garwashi, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. To, a nan halaka take. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, takan kashe mai barci bai farka ba. Lalle ne a fid da kasko kafin barci, a bar kafar iska. A riƙa shanya shimfiɗarsa, a ajiye buta da fitila kusa da shi, kada ya faɗi garin tashi alwalar asuba.