Pinkerton: Kamfanin tsaron da ya raka Lincoln, ya kuma buɗe wa ma'aikata wuta

Tun kafin Amurka ta kafa hukumar FBI, akwai kamfanin da bankuna da masu jiragen ƙasa ke biya ya kamo musu ɓarayi. Allan Pinkerton, ɗan Sikotilan mai sana'ar haɗa ganga, shi ya kafa shi a Chicago wajen 1850. Alamarsa ido ne a buɗe, wai ba sa barci.

A 1856 ya ɗauki Kate Warne aiki, wadda ake ɗauka mace ta farko mai binciken sirri a ƙasar. Tana cikin waɗanda suka bi da Abraham Lincoln ta Baltimore cikin dare a 1861, bayan an samu labarin ana shirin kashe shi kafin rantsar da shi.

Sai dai wanda ya biya shi ake yi wa aiki. Masu masana'antu sun riƙa hayar jami'an Pinkerton don murƙushe yajin aiki. A watan Yulin 1892, kimanin 300 daga cikinsu suka isa masana'antar ƙarfe ta Carnegie da ke Homestead ta kogi, aka yi musayar wuta da ma'aikata, aka yi asarar rayuka a ɓangarorin biyu. A 1893 majalisar dokoki ta hana gwamnatin tarayya hayar su.

Tun 1999 kamfanin yana hannun Securitas na Suwidin. Yanzu yawancin aikin na ofis ne: tantance tarihin masu neman aiki, binciken zamba a cikin kamfanoni, auna haɗari kafin zuba jari, sai rakiyar manyan shugabannin kamfanoni.