Kano da Illela: Waya Ɗaya, Kasuwa Biyu

Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da Itel da Infinix, an kafa shi a 2006, ya shigo Najeriya a 2008, kuma zuwa 2017 ya sha gaban Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Wanda ya ji wannan zai ɗauka ko'ina abu ɗaya ne ya jawo masa farin jini. Ba haka ba ne. Kowane yanki da dalilinsa na saye. Don a gane hakan, bari mu auna kasuwanni biyu: ta Farm Centre da ke Kano, da ta Illela da ke bakin iyakar Sakkwato da Nijar, wadda mutanen Lafani da sauran garuruwan yankin suke ci.

Ta fuskar yawan ciniki, Kano ba ta da abokin karawa a Arewa. Nan manyan dillalai suke sauke kaya kwali-kwali, nan masu sari daga jihohi suke zuwa. Mai sayen ɗaiɗai kuwa ɗalibi ne, ko ma'aikaci, ko mai tallan atamfa da turare a WhatsApp. Abin da yake tambaya shi ne kyan kyamara, girman ma'ajiya, da wace ce sabuwar fitowa. Shi ya sa Camon da Spark da Infinix suke tafiya, musamman da yake kamfanin ya gyara kyamarorinsa yadda za su fito da fuskar baƙar fata tas. Sai dai Bakano yana da zaɓi. Ga Samsung, ga Redmi, ga iPhone na hannu a shagon da ke kusa. Yau yana tare da kai, gobe ya ba da tsohuwar ya cika kuɗi ya karɓi ta wani.

A Illela tambayoyin daban ne. Layi nawa take ɗauka? Cajinta kwana nawa yake yi? In ta faɗi ƙasa, za ta tashi? Kowace tambaya da tushenta. Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni 'yan kilomitoci ne, dangi da abokan ciniki suna ɓangarorin biyu. Mai fataucin dabbobi ko albasa yana buƙatar layin MTN ko Airtel na Najeriya, yana kuma buƙatar na Moov ko Zamani na Nijar. Waya mai layi biyu a wurinsa kayan aiki ce, ba ado ba. Wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce, mutanen ƙauye biya suke yi a yi musu caji a shagon mai janareta ko mai sola, don haka batir mai jimiri kuɗi ne yake bar wa mutum a aljihu. A haɗa da tocila da rediyo da wurin saka memori, sai a ga dalilin da ƙaramar Itel mai madannai take da daraja a nan fiye da yadda ɗan birni zai zata. Ita ce ɗan cin rani yake bar wa iyalinsa kafin ya nufi Kudu.

Lokacin ciniki ma ba ɗaya ba ne. Kano tana sayarwa kullum, abin ya ƙaru a ƙarshen wata da gabanin sallah. Illela kuwa kasuwarta Lahadi take ci, cinikinta yana bin kaka da farashin albasa da na dabbobi. Sai manomi ya sayar, mai waya yake sayarwa.

Babban bambancin yana wajen kuɗi da iyaka. Da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Tunda wayoyin daga waje ake shigo da su, farashi ya yi sama a ko'ina. A Kano wannan ya sa mai saye ya sauko zuwa mai araha, ko ya lallaɓa tsohuwarsa. A Illela abin fuska biyu gare shi. Sefa tana ɗaure da kuɗin yuro, saboda haka duk faɗuwar naira sauƙi ce ga mutumin Ƙonni da ya zo da jakarsa wurin 'yan canji. Amma fa sai hanya tana buɗe. An rufe iyakokin Najeriya na ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024, daidai lokacin da kayan Najeriya suka fi araha ga mai sefa. Ɗan kasuwar Kano dala kaɗai yake saurare. Na Illela yana sauraren dala da sefa da abin da aka yanke a Abuja da Yamai.

To, wace ta fi nauyi? In kuɗin da ke shiga ake ƙirgawa, Kano ce, babu musu. In kuwa ana neman sanin me ya ɗaga kamfanin, amsar tana wurare irin Illela. Nokia ta yi zamaninta da ƙarko da tocila, amma ta makara wajen kawo waya mai layi biyu, kuma a 2014 Microsoft ya saye sashen wayoyinta. Transsion ya saurari talakan da manyan kamfanoni suka raina cinikinsa. Ribar ƙaramar waya kaɗan ce, amma da yayyafi kogi kan cika. Kuma yaron da ya tashi da Itel a gidansu, ranar da ya samu halin sayen babbar waya, sunan da ya sani zai fara nema.

A nan ne nake ganin akwai bashin da ba a biya ba. Cibiyoyin gyara na kamfanin, wato Carlcare, sun fi yawa a manyan birane. Mutumin Lafani da wayarsa ta lalace alhali garantinta bai ƙare ba, lissafin kuɗin mota zuwa Sakkwato kaɗai ya isa ya sa ya haƙura. Ya kamata a kai kayan gyara na asali garuruwan iyaka, a horar da matasan da tuni suke wannan sana'a a bakin kasuwa, a sa garanti ya yi aiki inda aka sayi kaya. Kishiyoyi masu araha suna ta shigowa, kuma mai saye da aka bari da matacciyar waya ba zai jira kowa ba.