Ciwon Wuya Da Kafaɗa Ya Kan Cinye Wa Manomi Damina

A ƙasar Birnin Gwari, musamman ƙauyukan da ke gefen dajin Kamuku, manoma da yawa sun yi shekaru ba su taka gonakinsu ba saboda 'yan bindiga. Da aka yi sulhu, har Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta garin a watan Nuwamba 2024, sai jama'a suka fara komawa. To, amma saura ta zama daji, shanun huɗa kuwa ɓarayi sun kore da yawa. Aikin bijimai biyu ya koma kan kafaɗar mutum ɗaya.

Daga nan ciwon ya kan samo asali. Mutum ya wuni yana sassabe da gatari, gobe huɗa da garma, jibi ya goya famfon feshi mai cin lita 16, watau kilo 16 na ruwa, yana bugawa da hannu guda. Jijiyoyin kafaɗa ba su sami hutu ba, sai su kumbura. Ɗan dako mai ɗaukar buhun masara a ka, da akawu mai wuni sunkuye kan tebur, duk hanyarsu ɗaya. Fargaba da rashin barci kuma su kan ƙara tsananta ciwon.

Hasarar ba ƙarama ba ce, gama ciyawa ba ta jiran mai jinya. Wanda ya kwanta mako biyu lokacin noman firi, sai ya biya 'yan ƙwadago ko ya bar wa ciyawa masararsa.

Maganin tun da wuri ya ke. A sa wa fartanya ƙota daidai tsawon mai ita. A riƙa sauya hannu, a miƙe a huta jifa-jifa. A raba buhu biyu, ko a nemi amalanke. Aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya a kira gayya. In ciwo ya taso a rage aiki, amma kada a kwanta sam, don kafaɗar da ba ta motsi ta kan sage. Shan ƙwayoyin kashe zafi kullum ba da izinin likita ba ya kan ɓata ciki da ƙoda.

Abu uku ba a jinkiri da su: yatsu su mutu ko hannu ya rasa ƙarfi, wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi, ciwo ya taso daga ƙirji ya gangara hannun hagu da gumi. Waɗannan sai asibiti nan da nan. Sauran kuwa, sannu ba ta hana zuwa.