Maroƙin Cikin Kwamfuta: Abin Da Ya Kamata Sabon Shiga Ya Sani

Duk wanda ya taɓa halartar gayya a ƙauye ya san darajar mai gangar noma. Muddin ganga na tashi, fartanya na sauka tare. Da zarar ya yi shiru, sai ka ga hannun manoma ya yi sanyi. Wannan ne ya faɗo mini a rai kwanakin baya, da na je ɗaukar rahoton farashin kaya a kasuwar kan iyaka, na tarar da ɗan ƙanwata, mai tsaron shagon kayan waya na mahaifinsa, ya haɗa rai a gaban kwamfuta bayan an tashi kasuwa. Wai wani wasa yake yi ta intanet tare da mutanen wasu ƙasashe, ya zaɓi ya zama mawaƙi, sau uku dodo yana kashe shi a fage ɗaya, ga kuɗin data ya tafi. Na zauna da shi dare da dama muna bin abin daki-daki, ga kuma abin da muka gano, ko zai amfani wani.

Irin waɗannan wasanni, mutum yakan ƙirƙiri ɗan wasansa, ya zaɓa masa sana'a, ya shiga wata duniya ta ƙage inda dubban mutane ke yawo a lokaci guda. Akwai mai garkuwa da ke tare duka, akwai mai magani da ke warkar da raunuka, akwai masu kai hari. Shi kuma wanda Turawa ke kira bard, asalin sunan daga mawaƙan sarakunan Ailan da Wels da Sikotilan na zamanin da ya fito, masu yabon jarumai da riƙe tarihin gidaje. Wato dai irin aikin da Narambaɗa ya yi a fadar Sarkin Gobir na Isa. Saboda haka mu maroƙi za mu kira shi.

A wasan EverQuest, wanda ya fito a Amurka a 1999, an san maroƙi da jera waƙoƙi uku ko huɗu bi-da-bi, yana tada wata kafin tasirin ta baya ya gushe, har yatsu su gaji. A Ragnarok Online na Koriya ta Kudu, wanda ya fito a 2002, maharbi namiji ne ke zama maroƙi, mace kuma ta zama mai rawa, in suka tsaya kafaɗa da kafaɗa sai su haɗa kiɗan da mutum ɗaya ba ya iya yi. Amma wanda yaron nan ke yi shi ne Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix da ke Japan, wanda aka sake ginawa aka fitar a 2013. A kansa za mu tsaya.

Abu na farko, ba a fara wasan a matsayin maroƙi. Maharbi za ka zaɓa, mai kwari da baka, ka tashi a garin da ake kira Gridania. Sai ka kai mataki na 30, ka gama ayyukan da malaman harbi suka ba ka, sannan a buɗe maka ƙofar roƙo, a ba ka wani ɗan dutse. Dole ka ɗaura dutsen nan a jikin ɗan wasanka. Da yawa sukan karɓa su bar shi a jaka, su ci gaba da yawo a matsayin maharbi, suna mamakin me ya hana waƙa fitowa.

Na biyu, ka san gurbinka. A wannan wasan maroƙi ba mai magani ba ne, yana cikin masu kai hari daga nesa. Wato nan ya bambanta da mai gangar noma, domin shi ana so ya yi kiɗa kuma ya yi noma. Tun wajen mataki na 15 za ka fara shiga kogo da ayarin mutum 4: mai garkuwa ɗaya, mai magani ɗaya, masu hari biyu. Ka bar mai garkuwa ya fara taɓa dodo. Wanda ya riga shi saki kibiya ya jawo wa kansa, kuma wannan na cikin abin da ya riƙa kashe ɗan ƙanwata.

Na uku, waƙoƙin kansu. Guda uku ne. Mage's Ballad tana zuwa a mataki na 30, Army's Paeon a na 40, Wanderer's Minuet a na 52. Kowace tana ɗaukar sakan 45, kuma sai bayan sakan 120 za ka iya maimaita ta. In ka tada sabuwa alhali wata na tafiya, ta farkon ta mutu, ka yi asarar ragowarta. Don haka ba a danna su a tare. Kafin ka mallaki dukkansu za a riƙa samun shiru a tsakani, wannan ba laifinka ba ne. Amma da zarar sun cika uku, lissafi ya nuna sakan 135 ke hannunka a zagayen sakan 120, ka ga babu dalilin da fage zai zauna ba kiɗa.

Wani zai ce, me waƙar ke ƙarawa? Kaɗan ne. Mage's Ballad kashi 1 cikin 100 take ƙara wa ƙarfin dukan 'yan ayari. To amma ɗan kasuwa ba ya raina wannan lissafi. Wanda ke cin ribar dala ɗaya a kan kowane kwali, in ya sayar da mota guda ya san abin da ya shiga aljihu. Ƙarin nan yana hawa kan kowa, a kowane sara, muddin waƙar na tashi, kuma a manyan fagage ayarin mutum 8 ne.

Na huɗu, kibau biyu masu dafi, Venomous Bite da Windbite, waɗanda ke cin dodo a hankali na sakan 45. In babban dodo ne, ka tabbata kullum suna jikinsa. A mataki na 56 za ka samu Iron Jaws, wadda ke sabunta su biyun da harbi ɗaya.

Na biyar, tsayuwa. Maroƙi na iya harbi yana tafiya, don haka in ka ga ƙasa ta yi launin ruwan lemo a ƙarƙashinka, duka ne ke tafe, ka matsa ba tare da ka daina harbi ba. Sai dai kada ka ce tunda bakanka na kai nesa za ka koma can bango. Hannun mai magani yana da iyaka. In ka yi nisa ka faɗi, kai da waƙarka kun tafi tare.

Saura maganar aljihu, wadda iyaye za su fi so su ji. Wasan yana da gwaji na kyauta da ya wuce mataki na 30 nesa ba kusa ba, don haka kada kowa ya biya ko sisi kafin ya ɗanɗana roƙon. Mai gwaji dai ba ya shiga kasuwar cikin wasan, kuma kuɗin wasan da ake kira gil ba ya tara fiye da 300,000. Sauke wasan yana cin data mai yawa, gara a nemi inda intanet ke da araha. Wajen zaɓen cibiya a ɗauki ta Turai, ita ta fi kusa da mu, domin babu ita a Afirka, kuma nisa na jawo jinkiri. Masu tallar gil da kuɗin gaske kuwa a guje su, dokar kamfanin ta hana, ana iya rufe wa mutum asusu.

Sabon shiga yana ɗauke da alamar ɗan tsiro kusa da sunansa, kowa ya san baƙo ne. Ka yi gaisuwa, ka faɗa musu karonka na farko ke nan, mafi yawa za su yi maka uzuri. Ɗan ƙanwata dai ya wuce dodon nan da ya hana shi barci. Mahaifinsa kuma ya gindaya sharaɗi: ba a kunna kwamfuta sai an rufe shago an ƙirga cinikin rana. Allah ya ba da kasuwa.