Iri da Ƙasa: Yadda Birazil Ta Buɗe Jami'o'inta ga 'Ya'yan Talakawa

Masana ilmin halittu sun daɗe da tabbatar da cewa ingancin iri kaɗai ba ya cika rumbu. Idan aka raba gero iri ɗaya, aka shuka rabi a gonar da ta sha taki, rabi kuma a kan fako, amfanin ba zai zo daidai ba. Haka al'amarin yake ga ɗan Adam. Sakamakon jarrabawa yana nuna basirar ɗalibi, amma kuma yana nuna makarantar da ya fito, da abincin da ya ci yana ƙarami, da malaman da ya samu.

Ƙasar Birazil ta daɗe tana fama da wannan matsala. Jami'o'in gwamnatin tarayya kyauta ne, kuma suna cikin mafiya inganci, amma 'ya'yan masu hali da suka yi sakandaren kuɗi su ne suka riƙa cinye yawancin guraben. Ɗan talaka kuwa sai dai ya haƙura, ko ya nemi jami'ar kuɗi. Abin ya fi shafar jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, domin sai a 1888 ƙasar ta haramta bauta.

A shekarar 2012 Shugaba Dilma Rousseff ta sa hannu a kan wata doka wadda ta keɓe kashi 50 cikin 100 na guraben kowane fanni ga waɗanda suka yi dukkan karatun sakandarensu a makarantun gwamnati. Rabin wannan kaso na 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne. Har ila yau, ana ware wa baƙar fata da ruwa-biyu da 'yan asalin ƙasar gurabe gwargwadon yawansu a kowace jiha, bisa ƙidayar jama'a. A 2016 aka shigar da naƙasassu, a 2023 kuma aka sabunta dokar.

Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Dokar ba ta ɗauke wa kowa jarrabawa ba. Ɗalibi yakan kara ne da waɗanda suka taso cikin hali irin nasa. Shiga ma ba ita ce fita ba, shi ya sa a 2013 gwamnati ta ƙirƙiro tallafin kuɗi na wata-wata don kada talauci ya kori ɗalibi kafin ya kammala.

Saboda haka ya kamata malami ya yi hattara kafin ya yanke hukunci a kan yaron da makinsa ya gaza. Wataƙila a cikin ajin akwai likitan gobe, wanda ƙasa mai taki kawai yake jira.