Likitan da Ya Jera Sifofin Ɗan Adam

Duk malamin da ya taɓa duba takardun insha'i na Turanci ya san cewa ɗalibi, in an umarce shi ya siffanta halin mahaifinsa ko na amininsa, ba ya wuce good da bad, ko happy da sad, alhali kuwa ɗabi'ar ɗan Adam ta fi ƙarfin kalmomi huɗu. Maganin da aka saba nuna masa shi ne littafin mutaradifai, wato kalmomi masu kusancin ma'ana, kuma mafi shahararsu shi ne Thesaurus na Roget. To, ku yi mini haƙuri in ɗan tsaya a kan mawallafin, domin labarinsa ya cancanci a ji shi.

An haifi Peter Mark Roget a Landan a 1779, ɗan wani limamin coci mutumin Janeba, wanda ya rasu ya bar shi yana ƙaramin yaro. Tun yana ɗan shekara takwas ya ɗauki al'adar jera abubuwa a takarda, ya girma ya karanci likitanci a Edinbara, ya kammala a 1798. A 1818 wata musiba ta auka wa gidansu, wadda ko a bakin mai ba da labari tana da nauyi: kawunsa, Sir Samuel Romilly, babban lauya kuma ɗan majalisa, matarsa ta rasu, baƙin ciki ya rinjaye shi, bayan 'yan kwanaki ya hallaka kansa, ya cika a gaban ɗan 'yar'uwar tasa, wanda yake likita ne amma bai iya cetonsa ba. Roget ɗin nan, wanda ya ga iyakar abin da damuwa ke yi wa zuciya, shi ne tun 1805 yake riƙe da wani ɗan kundi yana tara kalmomi domin amfanin kansa, bai fitar da shi ga jama'a ba sai 1852, yana da shekara 73, bayan ya ajiye muƙamin sakataren ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila. Shekara 47 ke nan, jama'a, kundi yana ajiye.

Bai bi harafi ba kamar ƙamus. Ma'ana ya bi, ya kasa littafin babi dubu a ƙarƙashin manyan rukunai shida, na ƙarshensu shi ne na abin da ke motsi a zuciya, ya kuma shirya shafin gida biyu, kowace ma'ana tana fuskantar kishiyarta, har babin fara'a ya zauna daura da babin ƙuncin rai.

Sai dai a nan ne nake da ja da masu ɗaukar littafin nan kamar laya. Roget ya jera kalmomi, bai yi sharhinsu ba, domin ya rubuta ne ga wanda ya riga ya san su, mantuwa kawai ta kama shi. Malamanmu na lugga sun daɗe da gane haɗarin: Abu Hilal al-Askari, a ƙarni na huɗu na Hijira, ya wallafa al-Furuƙ musamman don ya tabbatar da cewa lafazi biyu da ake zaton ma'anarsu ɗaya, in an tsananta bincike, sai an sami abin da ya raba su. Ku duba thrifty, frugal, stingy da miserly, waɗanda dukansu sifofi ne na mai riƙe kuɗi: biyun farko yabo ne ga mai tattali, na uku zargi ne ga marowaci, na huɗu kuwa na wanda ke hana kansa ma ci ne. Ɗalibin da ya so yabon shugaban makarantarsu, ya buɗe littafi ya tsinci stingy don ta yi masa daɗin faɗi, ya zage shi ke nan da kyakkyawar niyya. Haka firm da stubborn: mutum guda ne, bai sauya ra'ayi ba, masoyinsa ya kira shi da ta farko, maƙiyinsa da ta biyu. Wasu kuma a daraja suka bambanta, kamar annoyed, angry da furious, daga wanda ransa ya ɗan sosu har zuwa wanda idonsa ya rufe. Saboda haka tambaya biyu ce ke kan ɗalibi game da kowace sifa: yabo ce ko zargi, kuma ina matsayinta a ƙarfi. In maimaita: yabo ko zargi, sannan ƙarfi.

Akwai kuma sifofi huɗu da almajirin ɗibbu zai gane su nan take: sanguine, choleric, melancholic da phlegmatic. Asalinsu ɗabi'un nan huɗu ne na likitan dā Jalinusu, waɗanda Ibnu Sina ya yi bayaninsu a cikin al-Ƙanun, wato jini da safra'u da sauda'u da balgam, sai Turawa suka bar likitancin suka riƙe kalmomin, suna nufin mai kyakkyawan zato, da mai saurin fushi, da mai yawan jimami, da wanda ba ya girgiza.

A taƙaice, duk kalmar da kuka ɗauko daga Roget, ku kai ta ƙamus mai misalan jimloli, irin na Hornby, kafin ku ɗora ta a kan mutum.